Ungozomar Doki

Da sunan Allah na buɗe wannan babin kamar sauran, sai dai shi alƙalamin ya fi yi mani nauyi a kansa. Husna, ɗiyata, yanzu da nake rubutun nan kina kwance gefena bisa tabarma, watanki bakwai, kina ta fama ki cusa babban yatsan ƙafarki a baki. Kafin ki iya karatu za ki riga ki ji ana kiran uwarki Ungozomar Doki. Wasu za su ce maki asiri gare ni. Wasu, masu son faranta maki rai, za su ce uwarki ba ta san tsoro ba, wannan kuwa ya fi na farkon nisa da gaskiya. Ina so ki ji daga bakina tun abin yana ɗanye, don ban san irin kwaskwarimar da shekaru za su yi mashi a kaina ba.

Ƙauyenmu yana gefen Damari, ƙasar Sabuwa. Innata ta rasu ina aji biyu na sakandare, gida ya rage daga ni sai Baba, kakanki. Manomi ne, masara da waken suya, amma ba da noma aka san shi ba. Da ƙuruciya mahayin sukuwa ne, da jiki ya yi nauyi ya koma tausar dawaki. Idan dokin tsere ya sage, ko ya fara ƙin juyawa gefe ɗaya, ko gudunsa ya ragu ba a ga dalili ba, Baba ake aiko wa, daga Faskari, wani lokaci har daga wajen masu wasan ƙwallon doki na Katsina. Ba ya ba da jiƙo, ba ya rataya laya. Man kaɗanya ne cikin wani tsohon gwangwani, sai hannuwansa biyu. Ni aikina jiƙa dusa da kanwa da share gindin turke. Bai taɓa cewa in taɓa doki ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Burina a lokacin in gyara takardar Turancin da na faɗi, in shiga makarantar koyon aikin lafiya.

Dokin da zan ba ki labarinsa na Alhaji Mamman ne, wani mai sayen hatsi a Faskari. Baƙi ne wuluk, da ɗan fari a goshi. Alhaji ya sa mashi suna Sannu-Sannu don ya ƙular da abokan hamayyarsa, saboda a filin sukuwa ƙurarsa kawai suke gani. Duk damina ana kawo shi wurinmu ya ci ɗanyar ciyawa ya huta.

Ba zan ba ki labarin ranar duka ba. Akwai abin da har yanzu in na matso kusa da shi sai yatsuna su ƙi riƙe alƙalami. Bayan la'asar ne, masara ta yi goyo, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji ƙarar babura. Da yawa, kuma ba su rage gudu ba da suka shigo gari. Sai harbi. Baba ya faɗo gida riƙe da hannunsa na dama, rigarsa ta jiƙe da jini har ƙugu. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kirana Hindatu.

"Uwata, ɗaura wa dokin sirdi," ya ce. "Ba ni iya zama bisa bayansa haka."

Ban taɓa ɗaura sirdi ba, gani kawai nake yi. Akwai shimfiɗa mai kauri da ake fara azawa kafin sirdi, tana rataye a zaure. Na manta da ita. Na jefa sirdin bisa tsurar bayan dokin, ya zame gaba ya hau tudun kafaɗa, ya karkace hagu, na kama ɗamarar na ja da iyakar ƙarfina har da tokare ƙafa. Mu biyu ya ɗauka, Baba a gaba yana layi, ni a baya na rungume shi ina riƙe da linzami. Ta cikin gonaki ya bi da mu, masara na marinmu a fuska, bai tsaya ba sai da ƙafarsa ta taka kwalta gab da magariba. Mutane suka sauke Baba suka sa shi mota. Ni na kwance sirdin. A gefen hagu na tudun kafaɗar gashi ya tuje kamar faɗin tafin hannu, wurin ya kumbura, yana ta zafi. Na duba, ba mai kallona. Na yafa mashi tsohon buhu, ban gaya wa kowa ba. Washegari mutanen Alhaji suka zo suka tafi da shi.

Muka dawo Ƙanƙara gidan Goggo Lanti, yayar Baba. Ungozoma ce, rabin matan unguwar ita ta karɓi haihuwarsu, ita ke yi masu wankan jego da tausa har su yi arba'in. Gajeruwa ce, muryarta ta fi jikinta girma, ba ta iya yin magana a hankali ko a gidan makoki. Wata biyu na yi a gidan ban leƙa ƙofar zaure ba. Ƙanƙara kuwa garin babura ne. Duk wanda ya wuce bayan katanga sai in tsinci kaina a lungun gado ban san lokacin da na shiga ba. Hannuwana suka kama rawa. Na fasa wa Goggo kofunan tangaran biyu, ta kwashe sauran ta kulle, ta sayo mani na roba ba ta ce komai ba, abin da ba halinta ba ne. Baba ya dawo daga asibiti da hannun, amma yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa. Yakan wuni a gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, yana kallonsu, ya aza su bisa gwiwa, ya juya su, ya sake juyawa.

Ana cikin haka Alhaji Mamman ya zo gaishe shi. Mutumin kirki ne, ya zo da buhun masara, bai yi maganar doki ba sai da ya tashi tafiya. Ina daga bayan ƙyauren zaure ni da Goggo muna ji. Ya ce Sannu-Sannu yana ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu tun ranar. Likitan dabbobi ya duba kofato ya yi allura, mai ɗori ya lalube ƙafar tun daga ƙasa har gwiwa, ba karaya ba targaɗe. Yanzu an ba shi shawara a yi mashi lalas, wato a gasa ƙarfe a ɗana a jijiyar ƙafar. In bai tashi ba, akwai masu lodin dawaki a babbar mota zuwa kudu. Bai faɗi abin da ake yi da su a can ba, kowa ya sani.

"Kada a sa mashi wuta, Alhaji," Baba ya ce. "A kawo mani shi in gani."

Alhaji ya gyara murya. Na san hannun Baba yake kallo.

"Malam, ba na son in ɗora maka abin da zai dame ka. Amma saboda kai ne, na ba shi wata guda."

Goggo ta ture ni gefe ta kara bakinta a jikin ƙyaure.

"Arba'in ake yi, Alhaji."

"Arba'in ɗin mi, Hajiya?"

"Wanda ya ɗauko rai biyu ya sauke su lafiya, ai arba'in ake ba shi. Ko a gidanka wata guda ake yi?"

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya ce ya ji, arba'in, amma ranar da ta cika zai zo da mota, kuma motar ba za ta koma wayam ba, ko Faskari ko wancan wurin.

Aka kawo shi aka kafa mashi turke a bayan gida inda Goggo ke tara itace. Ya rame, ana ƙirga haƙarƙarinsa, gashinsa ya dushe. Wurin da sirdi ya ci ya warke, gashi ya rufe shi, ba mai cewa an taɓa jin ciwo a nan. Ranar farko babur ya wuce, na ga ya zabura ya ja igiya har turken ya motsa, idonsa ya yi fari. Ina leƙensa ta tagar ɗaki daga inda na ɓuya. Na ce a raina, ashe mu biyu ne.

Kwana biyar Baba yana durƙushe gaban ƙafar nan yana lalube da hannun hagu. Ya matsa kofato, ya bi jijiya, ya lanƙwasa gwiwa, dokin ko gezau. Da an ja shi ya taka sai ɗingishin ya dawo. Kowa ƙafa yake kallo, don ƙafa ce ke ɗingishi. Ni kaɗai na san inda aka ji ciwon, kuma na yi shiru. Ina tsoron Baba ya san ni na lalata dokin da ya fi so a duniya, ina tsoron Alhaji ya ce an yi sakaci da amanarsa. Kullum na ce gobe zan faɗa. Kwanakin dokin nake ci, na sani. Rana ta shida ina riƙe da ƙwaryar dusa daga nesa, Goggo ta zo ta tsaya kusa da ni tana sakace.

"Ke 'yar nan, kowa na kallon ƙafa, ke kina kallon bisa. Mi ke akwai a bisan?"

Na saki ƙwaryar. A tsaye na faɗa masu, ina kuka ina haɗiye rabin maganar: shimfiɗar da na bari a zaure, sirdin da ya karkace, kumburin, buhun da na rufa. Baba bai ɗago ba sai da na gama. Na jira faɗa.

"Hagu ko dama?" ya ce.

"Hagu."

Ya miƙe, ya aza tafinsa a bayan allon kafaɗa ya danna kaɗan. Dokin ya lotsa baya kamar an zuba mashi garwashi, ya kwantar da kunnuwa. Baba ya ɗauke hannunsa.

"Kwana biyar ina tambayar ƙafa abin da ba ta sani ba," ya ce. Sannan ya juyo. "Da kin tsaya neman shimfiɗa, Uwata, da yanzu ba ni ba ke. Wannan ba laifi ba ne. Shirun ne ya ci mamu kwana biyar. Je ki wanke hannu, wurin nan hannu biyu yake so, ni ɗaya gare ni."

Na wanke, na shafa man kaɗanya, na matso. Hannuna na rawa kamar ganye. Ina taɓa shi fatarsa ta yi karkarwa, ya juyo da kai ya make ni a ƙirji, na zauna daɓas cikin dusar da na zubar. Goggo ta ce wa dokin mara mutunci, ta ce da ta san haka yake da ba ta roƙar mashi kwana goma ba.

"Ba laifinshi ba ne, Yaya," Baba ya ce. "Doki hannu yake saurare. Hannunta na gaya mashi masu baburan nan suna tafe."

"Baba, ba ni iya hana shi rawa."

"Ban ce ki hana shi ba. Aza shi a wuya, nesa da ciwon, ki bar shi nan. Ke da shi wani zai gaji."

Haka muka yi kwana uku, ba tausa, hannu kawai a wuya ƙarƙashin geza, ina tsaye ina rawa yana tsaye yana huci. A rana ta uku ya sunkuya ya ci harawa hannuna na jikinsa. Amma da na gangara wajen kafaɗa sai na ji tsokar kamar an shimfiɗa katako a ƙarƙashin fata, yatsa ba ya shiga. A nan Goggo ta shigo aikin. Ta zo ta danna da kanta, ta taɓe baki, ta ce ita ta san wannan, haka bayan mai haihuwar fari yake in ta sha doguwar naƙuda, kuma ba mahaukacin da ke tausa shi a bushe. Ta ɗora babbar tukunyarta ta wankan jego, ta sa aka karyo mata ganyen bedi.

"Yaya, ingarma ne fa," in ji Baba.

"Ingarma ba tsoka gare shi ba?"

"Shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa dafa wa doki ruwa ba."

"Ni arba'in ina yi, Garba, kuma nawa masu jegon ba su harbi. Matsa."

Inda Baba ya ci nasara wuri ɗaya ne. Goggo ta so ta fyaɗa mashi ruwan da zafinsa yadda take yi wa mata, Baba ya tare tukunyar da jikinsa, ya ce fatar doki ba ta kai ta matan Ƙanƙara jimiri ba, sai an surka har gwiwar hannu ta iya zama a ciki. Aka shirya a kan haka. Sai mu tsoma tsohon zane a ruwan, mu matse, mu shimfiɗa a kafaɗar, in ya huce mu sake. Hayaƙi da ƙamshin bedi suka tashi daga gidan ungozoma safe da yamma, ai kuwa kafin kwana biyu unguwa ta ɗauka. Mata suka fara leƙowa ta katanga.

"Goggo, barka da arziki. Mi aka samu?"

"Namiji ne, ga shi nan tsaye. Ku shigo, amma kada wadda ta zo mani hannu rabbana."

"Yaushe suna?"

"An riga an raɗa. Ku dai kawo kunun kanwa, mai jegon na sha."

Wata maƙwabciya ta kawo kunun da gaske don tsokana, Goggo ta juye mashi a dusa, ya lashe ƙwaryar tas. Ranar na yi dariya, na ji ta baƙuwa a bakina. A bakin matan nan sunan ya fito. Da Goggo suke nufi, amma da yake ni ake gani a gindin dokin, sai ya zame ya faɗo kaina.

Ga yadda aikin yake, ko wata rana za ki so ki sani. Bayan gashin ruwa, ba a fara wa ciwo kai tsaye. Daga wuya ake farawa da tafin hannu, a bi yadda gashi ya kwanta, a hankali, har fata ta saba. Sannan a sa gindin tafi ana murzawa ana zagayawa, ana matsowa kaɗan kaɗan. Baba yana zaune bisa turmi yana kallon kunnuwan dokin, ni ina kallon hannuna, shi ke gaya mani in ƙara ko in sassauta. A mako na biyu babban yatsana ya faɗa kan abin: wani ƙullutu can ciki a bayan allon kafaɗa, mai tauri kamar ƙodagon goruba. Shi ke riƙe kafaɗar, kafaɗa ta hana ƙafa miƙewa. Baba ya ce in danna in riƙe, kada in murza, in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ba gaggawa sannan in saki, don shi bai san aiki da agogo ba. Bayan nan sai in ɗauki guntun rake in kai wajen haƙarƙarinsa, ya lanƙwaso wuya ya bi, dama da hagu, sannan in ja shi mu zagaya bayan gida. Baba ya ce akwai alamar da ake jira. Ran da tsoka ta saki, doki zai sauke kai, ya lashi leɓe, ya yi doguwar ajiyar zuciya kamar mutum. In ba a ji wannan ba, ba a gama ba, komai kyan tafiyarsa. Muka shiga mako na huɗu ba mu ji ba.

A cikin kwanakin nan jarrabawar da nake jira ta zo. Sai an shiga mota an bi hanya kafin a kai inda ake rubutawa. Baba ya ce in tafi, doki ba zai mutu don kwana uku ba. Na ce in aka tsallake kwana uku tsokar za ta koma yadda take. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Sauran rabin, ba ni iya hawa hanyar. Mutane suna cewa na bar karatu saboda doki, ni dai na san har da tsoro, kuma har yau in na ga 'yan mata da farin kayan asibiti sai na kau da kai. Akwai kuma wani da ke nemana tun muna ƙauye. Mahaifiyarsa ta zo gaishe mu, ta tarar da ni na naɗe hannun riga, hijabi ɗaure a ƙugu, kaina a ƙarƙashin wuyan ingarma. Ta sha ruwa, ta yi addu'a, ba su sake dawowa ba. Na yi kuka kwana biyu. Goggo ta ce in yi na uku in ina so, amma bayan an sauke tukunya.

Rana ta ashirin da bakwai, da hantsi, yatsana na kan ƙullutun, na kai tsakiyar Ƙulhuwallahu ta biyu, sai na ji su. Babura, da yawa, tafe da gudu ta bayan katangarmu. 'Yan ɗaurin aure ne, amma a lokacin ban sani ba. Jikina ya mutu. Dokin ya ɗaga kai, duk jikinsa ya ɗaure, na ji zuciyarsa tana bugawa har cikin yatsana. Masu ba da labari suna cewa na tsaya don jarumta. Husna, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata. Da sun yarda da na kai lungun gado. Abin da na iya kawai, na kifa goshina a wuyansa, na rufe ido, hannun yana inda yake yana rawa, na ci gaba da karatun da ƙarfi don in rufe ƙarar. Ban san ƙafa nawa na karanta ba. Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace. Muna nan tsaye, shi bai fizge ba, ni ban gudu ba. Can sai na ji wuyan yana sauka da goshina a hankali, ƙasa, ƙasa. Ya lashi leɓe. Haƙarƙarinsa ya buɗe ya cika, ya saki wata doguwar iska ta hanci har ƙurar gabansa ta tashi. A ƙarƙashin yatsana abin nan mai tauri ya yi laushi kamar an jiƙa shi.

Na juya wajen Baba. Yana zaune bisa turminsa, ya dafe mataccen hannun da mai lafiyar.

"Baba, ka ji?"

"Na ji," ya ce. "Biyu na ji."

Ranar arba'in Alhaji ya zo da mota kamar yadda ya faɗa, da mahayinsa Ɗanlami, wani siririn mutum mai furfura a gemu. A wani fili bayan gari za a gwada. Baba ya ce da ni za a je. Rabona da waje tun ranar da muka zo, na fito riƙe da gefen mayafin Goggo kamar 'yar yaye, duk babur ɗin da ya gifta sai na ƙanƙame ta, ita kuma ta bi shi da baƙar magana. A filin Baba ya miƙo mani shimfiɗar sirdi da hannunsa, ya ce in ɗaura.

"Mace za ta ɗaura mani sirdi, Malam?" in ji Ɗanlami.

"Ta taɓa ɗaurawa sau ɗaya, ya kai mu inda za mu. Wannan na biyu ne. In ka ga gyara ka gyara."

Na aza shimfiɗar, na daidaita, na ɗora sirdin bayan tudun kafaɗa, na ja ɗamara na bar wurin yatsu biyu. Ɗanlami ya zagaya, ya girgiza, ya sa yatsa, ya hau. Ya fara da tafiya. Taku na farko na ga kamar kan dokin ya ɗan duƙa, na kalli motar. Ya sa shi sassarfa. Ya juya shi hagu, wajen da ya daina yarda, ya juyu. Sai ya sassauta linzami ya duƙa. Ban taɓa ganin sukuwa ba sai ranar, don mata ba su zuwa. Na ga baƙin abu ya miƙe ya tafi, ƙafafun gaba suna cin ƙasa daidai wa daida, har ya zama ɗigo a gindin wata tsamiya, ya karyo ya dawo. Goggo ta rangaɗa guɗa a gaban maza ko kunya babu. Alhaji ya cire hula ya share kai ya mayar.

"Hajiya, mai jegonki ta yi yawon arba'in," ya ce. Ya juya wajen Baba. "Malam, akwai wata goɗiya gare ni, ƙugunta ya riƙe tun bara. Ka duba mani ita?"

Baba ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mashi yatsun.

"Ni yanzu ido ne, Alhaji. Ga hannun nan tsaye. In ka yarda da shi, a kawo ta."

Alhaji ya dube ni, ni kuwa na ɓoye hannuwan a hijabi don sun fara halinsu.

"Rawa suke yi, Alhaji," na ce. "Gara ka sani tun yanzu."

"Shi wancan bai yi ƙorafi ba," ya ce, ya nuna dokin da haɓa.

Faskari motar ta nufa da shi. Sannu-Sannu bai koma yadda yake da ba, kada wani ya ƙara maki gishiri. Ya sake shiga sukuwa, ya zo na biyu sau ɗaya, yanzu ya fi zama a barga ana kawo mashi goɗiyoyi. Amma yana raye, in an kawo shi hutu yana gane takuna tun daga zaure. Turke uku ne yanzu a bayan gidan Goggo, kuma ba su cika zama ba kowa ba. Baba yana bisa turminsa yana karanta kunnuwa, Goggo tana faɗa da shi a kan zafin ruwa. Na sake cike takardar jarrabawar bana, na ce wa kaina wannan karon zan hau motar, Allah Ya ba ni iko. Ƙauyenmu ba mu koma ba tukuna.

Babanki, da ya zo neman aurena, a gindin doki ya same ni, bai kau da kai ba. Babur gare shi. Tun ranar da Goggo ta gaya mashi, in ya kawo bakin lungunmu sai ya kashe shi ya turo da ƙafa har gida, ko ana ruwa. Ban taɓa roƙonsa ba, bai taɓa yin maganar ba.

Ban warke ba, ɗiyata, ba zan rubuta maki cewa na warke ba. Jiya da safe na yi maki wanka, na kwantar da ke bisa cinyata ina shafa maki man kaɗanya a baya, sai wani ya wuce da gudu ta bayan katanga. Hannuna ya kama rawa a tsakanin kafaɗunki. Ban ɗauke shi ba. Na bar shi nan har kika yi hamma.

Allah Ya raya mani ke, Ya sa ki karanta wannan a garin da ƙarar babur ba ta nufin komai sai cewa wani ya dawo gida.